Garin da Maƙwabciya Ta Kawo

Saura kwana uku a kai garar Sa'adatu gidan mijinta, mahaifiyarta Hamna ta tsaya a gaban murhu da hantsi, tana kallon alkakin gwaji yana watsewa a cikin mai.

Hamna 'yar asalin Zariya ce, amma a Jalingo aka haife ta, kuma a unguwar Majidaɗi ta yi aure har ta manyanta. Wurin kakarta ta gaji yin alkaki. Duk gidan da ake son fita kunyar surukai, ita ake nema. Sai dai yabon da ake yi mata tare yake tafiya da zunɗe, domin ta sha mayar da garin da aka aiko mata, ta ce bai yi ba. Saboda haka matan unguwa suke cewa ta cika iyayi da girman kai.

Wannan karon garin ba na mayarwa ba ne. Gudummawa ce daga Lucy, wadda ake kira Maman Cynthia, Kirista, mutuniyar ƙauyen Kona. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Lucy ta ji Hamna tana kukan ciwon baya, sai ta sayi alkama a ɓoye, ta wanke, ta shanya, ta kai inji a Nukkai, sannan ta kawo buhun tana murna, ta ce ta rage mata aiki.

Tun da Hamna ta sa hannu a buhun ta gane akwai matsala. Alkaki barzajjiyar alkama yake so, mai tsaki-tsaki, wannan kuwa an niƙa shi luƙui. Da ta ɗanɗana kuma sai ta ji masara, alamar mai injin bai share ba kafin ya zuba. Duk da haka ta kwaɓa kaɗan ta bar shi ya kwana, ko Allah zai sa a dace. Ga abin da ya fito a cikin kasko.

Ƙanwarta Fiddausi, wadda ta zo taya aiki, ta leƙa kaskon ta ce, "Yaya, ki tsoma shi a ruwan sukari kawai. Wa zai gane? Surukan nan ba masu binciken gari ba ne."

"Ni zan gane," in ji Hamna. "Garar 'yata ce. Ba zan jera gutsattsari a kwalla ba."

"To mayar mata da abinta, tunda kin saba."

"A ina kika taɓa jin an mayar da gudummawa?"

Abin da ke damun Hamna ya wuce maganar al'ada. A bara Lucy ta aika wa wata mata a layin abincin Kirsimeti, da yamma ta gan shi a gaban awakin gidan. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Hamna ta san idan ta ƙi garin nan, ba niƙa Lucy za ta zarga ba. Za ta ce ita ma ƙyamar hannunta take yi.

Fiddausi ta rage murya ta ce, "Mu tura buhun ƙarƙashin gado. A sayo wata alkamar ta ƙofar baya. Ranar gara ki ce garinta ne, kowa ya huta."

Hamna ba ta so shawarar ba, amma ba ta ga wata mafita ba. Suka kama bakin buhun suna ja. Sun kai shi tsakar gida ke nan sai suka ji murya daga zaure.

"Gafara dai, masu biki! Maman Sa'a, na zo da taɓarya na, yau sai mun daka abin nan."

Lucy ta shigo da taɓarya a kafaɗa. Ta dubi buhun, ta dubi ƙofar ɗakin da aka nufa da shi, ta dubi matan biyu. Dariyar fuskarta ta tafi.

"Ina za a kai gari na?"

Fiddausi ta yi sauri ta ce, "Ɓeraye ne suka dame mu a kicin."

Hamna ta saki buhun, ta miƙe da ƙyar tana dafa baya. Ta ce, "Ba ɓeraye ba ne, Maman Cynthia. Ɓoye shi za mu yi. Ba zan iya alkaki da shi ba."

Lucy ta jingine taɓaryar a bango a hankali. "Na gane. Sau uku na wanke alkaman nan. A sabon tabarma na shanya shi. Amma hannu na ne ya taɓa, ko?"

"Ba haka ba ne."

"Ashe gaskiya ake faɗi a kanki. Ba ni kaya na."

Ta sunkuya za ta ɗauki buhun. Hamna ta riƙe mata wuyan hannu, ta cusa hannun cikin garin. Sannan ta ja ta zuwa kicin, ta buɗe wata ƙaramar kwalla inda ta ajiye ragowar barza, ta sa mata ɗayan hannun a ciki.

"Murza ki ji. Wannan shi ne na alkaki. Yanzu lasa naki."

Lucy ta tsaya kamar ba za ta yi ba. Hamna ta ɗebo garin daga tafin hannun Lucy ta kai bakinta ta haɗiye. Sai Lucy ma ta lasa. Ta juya harshe, ta ƙara lasa, ta ɓata fuska.

"Masara! Ni 'yar manomi, za a ba ni masara a ce alkama? Wannan mai injin, sai da na ce masa na biki ne!"

Ta leƙa kaskon ta ga gutsattsarin. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Amma ke ma kina da laifi, Maman Sa'a. Shekara nawa ina cin alkakinki? Ko sau ɗaya ba ki ce mini zo ki ga yadda ake yi ba. In an kawo gari, 'bai yi ba.' Me ya sa bai yi ba? Ba ki faɗa. Yaya mutum zai sani?"

Hamna ta tuna duk garin da ta mayar, ba ta ga ranar da ta yi wa kowa bayani ba.

Ta ce, "Kin fi ni gaskiya."

"Na sani." Lucy ta kakkaɓe hannunta a zani. "Lokaci zai ishe mu?"

"In an barzo kafin azahar, ya kwana yau, gobe mu daka mu soya."

"To ɗauko gyalenki. Ke za ki zaɓi alkaman a kasuwa, ina kallo, kina gaya mini. Injin kuma ki bar ni da shi. Da tsintsiya zan je."

Hamna ta shiga ɗaki neman gyale. Tana ciki ta ji Lucy tana ce wa Fiddausi, "Ke kuma mai ɓeraye, sauke man nan kafin ya ƙone."