Kogin Baba Dabo

"Mamnu', ya ukhti! Koma baya!" Ma'aikacin ya daka mata tsawa yana haɗawa da Larabci, yana kaɗa hannu.

Mastura ta tattare bakin abayarta ta tsallake igiyar. Layinsu na unguwar Karantina ya zama fili, rusau ya cinye shi. Gida uku suka rage, kowanne da jan fenti a ƙirji, katafila na gurnani a ƙofar na farko. Na biyun na Baba Dabo ne, maƙwabcinsu na shekara ashirin, wanda yanzu yake kwance a gidan 'yarsa Zubaidatu a unguwar Madain Fahd. Likita ya ce halas, ba sauran abin yi, a mayar da shi gida.

Tun safe ya ƙi ruwa, ya ƙi magani. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Ku kawo min kogina." Zubaidatu ta ɗauka zafin ciwo ne. Mastura ce ta gane. Tsohon yana da sulallan Rumawa na da, masu hoton gumakan koguna, ya kwashe rabin rayuwarsa yana tara su. Marigayiya matarsa ta rantse ba za su kwana mata a ɗaki su kore mala'iku ba, shi ya sa ya haƙa musu rami a katanga, bayan tankin ruwa. Ranar tashi kowa ya manta.

"Minti biyar," Mastura ta ce wa ma'aikacin. "In ba haka ba ka rushe da ni."

"Zinariya ce?"

"Tagulla."

"Majnuna, mahaukaciya," ya ce, amma ya ɗaga wa direban hannu.

Tankin ya faɗo ya danne bakin ramin. Ta sa kafaɗa, ta tura, ta sake turawa har farcenta ya tsage. Gwangwanin halawa yana nan, naɗe cikin tsohon rawani. Ta rungume shi kamar jariri, ta fito ƙura har gira.

Ta samu Baba Dabo yana numfashi sama-sama. Ciwon suga ya daɗe da cinye masa ido. Ta saka masa sule ɗaya a hannu, ya shafa da babban yatsa.

"Ke 'yar nan, wannan na Turawa ne," ya ce, murya can ƙasa. "Kin ga na yi miki kama da Bature?"

Zubaidatu ta yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Mastura ta zazzage sulallan a kan bargo. Sun yi baƙi, sun suɗe, duk hoton tsofaffi ne masu gemu a kishingiɗe. "Baba, ta yaya zan gane shi?"

"Nemi kada a ƙarƙashinsa."

A na tara ta ga kadan, ɗan ƙarami, baki buɗe. Kogin Nilu ke nan, wanda Baba Dabo ya baro a garin Mai Wurno yana ɗan sha bakwai, ya zo garin da ba kogi bai sake komawa ba.

Ta saka masa a hannu. Yatsan ya bi gemun, ya gangara kan kadan, ya tsaya.

"Kogin ya cika," ya ce. "Zubaida, ba ni ruwa."

Ya sha kurɓi biyu, ya yi kalmar shahada a bayansu. Ana kiran la'asar ya cika shi ma.

Da Zubaidatu ta buɗe hannunsa don ta miƙar da yatsun, sulen ya zame kan bargo. Shatinsa ya zauna a tafin, zagaye, da ɗan kadan a tsakiya. Mastura ta zuba masa ido har fatar ta koma daidai.