Motar Bakin Teku a Kan Tudu

Wata biyar Efraín ya yi yana gyaran tsohuwar motar tseren da ya saya a Barranquilla. Ya sauya tayoyi da birki, ya cire kujerar gefe, ya buɗe hanyar mai sosai a kafireto, inda mai da iska ke haɗuwa. A bakin teku, ko taɓa totur ya yi sai ta zabura.

Da ya kawo ta filin tsere a tudun Bogotá, sai ta koma tari da baƙin hayaƙi. Zagaye uku ya yi, kowa na wuce shi, ta mutu. Da hannu ya turo ta rumfar Doña Nubia, tsohuwar bakanikiyar filin.

"Doña, a ƙara mata mai," ya ce yana haki. "Yunwa take ji."

Ta kwance fulogi ɗaya, ta nuna masa, baƙi ƙirin.

"Ƙoshi ne ya yi mata yawa, ɗan bakin teku. Iskar nan sama ba ta da kauri irin taku. Kana ɗura mata mai, ba ta da numfashin ƙona shi," in ji ta.

Ta rage man, ta shiga da kanta ta zagaya. Motar ta wuce kamar an harba ta. Da ta dawo, Efraín na zaune kan taya, har yanzu haki yake yi.

Ta miƙa masa ruwan rake mai zafi. "Ita ta saba da garinmu. Kai ne ban san inda zan kwance ba."