Yadda Malamin Tarihi Ya Ƙwato Larabarsa

Takardar hukumar ilimi ta iso ranar Litinin, da hatimi biyu da kuskuren rubutu uku. Ta ce ɗaliban sakandare sun yi nauyi, ba sa iya hawa bene sai da haki, don haka kowane aji zai motsa jiki na minti arba'in duk mako. Ba ta faɗi inda za a samo mintunan ba. Shugabar makaranta ta buɗe jadawali, ta tsallake lissafi da kimiyya, ta ja jan biro a kan tarihin ranar Laraba.

Malamin tarihi, wanda yara ke kira Ƙarni a bayan idonsa, ya shekara talatin yana koyar da faɗuwar dauloli, bai taɓa zaton abin zai biyo ta kansa ba. Darasi biyu yake da su a mako da 'yan ajin ƙarshe, jarrabawa saura wata biyu, manhaja ko rabi ba a ci ba.

"Ranki ya daɗe, da darasi ɗaya ba zan gama ba."

"Mutanen da kake koyarwa duk sun mutu, Malam, za su iya jira. Masu ran aka ce su yi gumi."

"In suka yi gumin a darasina fa?"

Ta dube shi daga furfura har gwiwarsa ta hagu, mai ƙara kamar ƙofar sito. "Na ba ka Laraba ɗaya. In malamin wasanni ya shaida sun yi gumi, lokacin naka ne."

Malamin wasanni saurayi ne mai usur a wuya, wanda duk ajin da ya fitar fili sai rabinsa ya kamu da ciwon ciki nan take. Ya zo kallo yana murmushi tun kafin a fara.

Ranar Laraba Ƙarni ya sa aka kai masa kujera gindin bishiya. Ya jera littattafan yaran da birukansu a bakin ragar ƙwallo ta kusa. A jikin raga ta nesa kuwa, can ƙarshen fili, ya manna takardu takwas cike da rubutunsa mai kama da sawun tururuwa.

"Duk abin da ya rage muku na jarrabawa yana can," in ji shi. "Littafi da biro ba sa tafiya. A je a karanto, a dawo a rubuta. Ana buga ƙararrawa zan cire takardun, ba kuwa zan maimaita ba."

"Haba Malam, ka karanta mana mana!"

"Maƙogwarona ya yi ritaya."

Suka tafi suna jan ƙafa, irin tafiyar masu rakiyar gawa. Nan suka gano cewa kan ɗan shekara goma sha bakwai ba ya riƙe jimla fiye da taku ashirin. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya kullum ita ta fara cire takalmi ta sheƙa. Ganin za ta sake wuce su, sauran suka rufa mata baya. Dogon ajin, wanda ya kawo takardar likita cewa gudu na cutar da shi, ya zo tsakiyar fili ya tsaya cak.

"Kai, yaƙin nan a wace shekara aka yi shi?"

"Je ka tambayi raga!" in ji wani ɗan ajin da ya wuce shi a guje.

Ya koma a guje yana zagin sarkin da ya ja yaƙin.

Da aka buga ƙararrawa, yara arba'in suka zube a ciyawa, riguna sharkaf. Shugaba, wadda ke kallo daga gefen fili, ta juya ga malamin wasanni.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ba wasa ba ne, mugunta ce."

"Gumi na tambaye ka."

"Sun yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Washegari ta kira Ƙarni ofis. A kan teburinta akwai wando da riga na wasanni, kore shar, da ratsin rawaya.

"Larabar dai tawa ce?" ya tambaya, bai zauna ba.

"Taka ce. Har da Litinin da Talata da Alhamis, na sauran azuzuwa. Na rubuta wa hukuma cewa mun sami gwani, kai ne shugaban shirin yanzu. Sun ce za su turo mai hoto, kuma ba sa son ganin kujera a fili."

Ƙarni ya ɗaga wandon da yatsu biyu, ya daɗe yana kallonsa.

"Akwai wanda ya fi wannan faɗi?" in ji shi.