Mutumin da Terna Ke Jin Kunyarsa

A ofishin masu yi wa baƙi jagora a Longyearbyen, wani gari a can ƙuryar arewacin duniya, akwai wani allo a jikin bango, daidai inda ake tuɓe takalma. Duk jagoran da tsuntsuwar terna ta sara a ka har jini ya fito, da hannunsa zai ɗauki alli ya ja layi a gaban sunansa. Akwai mai layi talatin, akwai wanda nasa suka cika har suka tsallaka gurbin maƙwabci. Gaban sunan Oddvar Myklebust kuwa fes yake, shekara ashirin da uku.

Oddvar bai taɓa barin kunnen kowa ya huta a kan wannan ba. Ko lafiyar gwiwarsa ka tambaya, sai ya san yadda ya karkato da zancen kan terna. Cewa yake tsuntsayen sun san shi, iyayensu ma sun san shi, kunyarsa suke ji. Kamfanin da yake wa aiki har ya buga hotonsa a takardar talla, ya harɗe hannuwa, kai ba hula, sanƙo na ƙyalli. Ba shi da mata, ba shi da mota, gidan da yake ciki ma na kamfani ne. Wannan suna shi ne dukiyarsa, kuma yana ji da shi kamar ƙwai.

Gaskiyar magana, terna ba ta san kowa ba. In ka matso kusa da ƙwanta, abin da ya fi tsawo a cikinku shi take kai wa sara, shi ya sa sauran jagorori ke ɗaga sanda sama da kansu. Shi kuwa Oddvar, tsawonsa bai taka kara ya karya ba. Tun a bakin jirgi yake auna baƙi da ido, ya zaɓi wanda ya fi kowa miƙewa, ya ƙulla abota da shi, ya ce, "Kai jininmu ya haɗu, zo ka jero da ni." Dogayen mutanen ƙasar Holan nawa ne suka koma gida da filasta a tsakar ka, suna murnar sun yi aboki. Abokan aiki sun sha faɗa masa haka a gaban idonsa, ya ce hassada ce.

Ran wata Talata a watan Yuli aka ba shi baƙi bakwai, za a kai su kallon dorinar teku, masu dogayen haure, a wani tsibiri da ke awa biyu a jirgi. Yana isa bakin ruwa ya yi arba da baƙin nasa. Tsofaffin mata ne, 'yan ƙungiyar saƙa daga garin Røros, kowacce da hular ulu da ta saƙa da hannunta. Wadda ta fi su tsawo da ƙyar ta kai kunnensa. Ya leƙa bayansu ko akwai jika ko direba, babu.

Shugabarsu, Borghild, mai shekara tamanin da huɗu, ta zaro takardar tallar nan daga jaka, ta dube ta, ta dube shi. "Kai ne, ɗan nan. Shekara biyu muna shirin zuwa wurinka. Astrid ta ce mu sayi hular kwano, na ce me za mu yi da ita muna tare da kai?"

"Kin yi daidai, Iya," in ji shi.

Da jirgi ya sauke su, ya tarar ruwa ya cika, ya cinye gaɓar da ake iya zagayawa. Hanya ɗaya ta rage zuwa wurin dorinar, wani siririn tudun tsakuwa, ternar kuwa sun baje ƙwai a gefensa. Oddvar ya lallaɓa wurin Gunvor, mai gadin ayari, wadda ke ɗura harsashi a bindiga saboda farin beyar, ƙaton naman dajin ƙanƙara mai farmakin mutane. Ita Gunvor sai ta sunkuya take shiga ƙofa.

"Gunvor, yau da kin jero da mu. Tsofaffi ne, za su fi samun natsuwa."

"Su za su samu natsuwa ko sanƙonka?"

"Haba 'yar'uwa, ana maganar arziki."

"Ni wurina can kan tsauni ne, ka fi kowa sani. In beyar ya ɓullo ina ƙasa ina yi maka laima, me zan ce wa hukuma? Je ka, sarkin tsuntsaye, talakawanka na jira." Ta saɓa bindiga ta haye, tana dariya har kafaɗunta na rawa.

Suka kama hanya. Ba su yi taku hamsin ba ternar suka tashi, farare masu baƙar hula da jan baki, suna wani kuka kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ɗaya ta wuto ta saman kan Oddvar har ya ji iskarta. Bai san lokacin da gwiwoyinsa suka lanƙwashe ba. Ya ci gaba da tafiya a rusune, yana satar kallon hulunan da yanzu suka ɗan ɗara shi.

"Me ya samu ƙafarka?" in ji Astrid, wadda ke bayansa.

"Ba komai, Gwaggo. Haka ake gaishe su."

"Au, ka ji, ashe gaisuwa ake yi. Ku rusuna, ku rusuna!"

Nan take mata shida suka rusuna. To, wanda ya fi ka gajarta a tsaye, ai a rusune ma ya fi ka. Oddvar ya sake zama shi ne a sama. Ya ƙara yin ƙasa, suka ƙara. Ya tsuguna yana tafiyar agwagwa, suka tsuguna, gwiwoyi na ƙara ƙas ƙas, wata na cewa rabonta da irin wannan tun haihuwar autanta. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya dafa ƙasa ya kama rarrafe. Suka dafa suka bi shi a jere, jakunkunan saƙa na jan ƙasa. Rediyon da ke ƙirjinsa ya yi ƙara, muryar Gunvor ta fito da ƙyar don dariya: "Oddvar, daga nan sama ban gane ba, wani abu ne ya faɗi kuke nema?"

Ya kashe rediyon. Sai kuma ya lura iskar fukafukai ta daina taɓa masa kai. Daɗi ya kama shi, har ya fara tunanin yadda zai ba da labarin a gari. Sannan ya waiwaya.

Borghild ce kaɗai a tsaye. An sa mata ƙarfe a ƙugu bara waccan, ba ta iya sunkuyawa. Tana takowa a hankali a bayan masu rarrafe, ita ce mafi tsawo a duk tsibirin in ka cire Gunvor, tsuntsayen kuwa sun taru a kanta. Ɗaya ta fizge hular ulun ta yar. Gashinta fari ne, ɗan kaɗan, ana hango fatar kai ta cikinsa. Ba ta yi ihu ba, ba ta ko kare kanta ba. Shi ta duba, da murmushin wanda ya san an yi kuskure ne kawai za a gyara.

"Ɗan nan, faɗa musu ni ma baƙuwarka ce. Ina jin ba su gane ni ba."

Kunya ta rufe Oddvar, irin wadda bai taɓa ji ba. Dogayen Holan ba su taɓa hana shi barci ba, amma wannan tsohuwa ta yarda da shi har ta bar hular kwano a kanti. Ya san in ya ƙara minti ɗaya a ƙasa za a fasa mata kai, allonsa kuma ya zauna fes. Ya san in ya miƙe, shekara ashirin da uku sun tafi.

Ya miƙe. Ya koma da baya, ya karɓi jakarta da hannu ɗaya, ya riƙe ta da ɗayan, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa don kada tsuntsayen su yi shakka. Ba su yi ba. Sara na farko ya sauka a tsakiyar sanƙo, ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Na biyu ya biyo. Wata ta sara, wata ta saki kashi, wata ta haɗa duka biyun. Haka suka ratsa tudun, shi yana tafiyar ɗage jini na bin bayan kunnensa, ita tana takawa a gefensa ko gashinta ba a taɓa ba, sauran shida na rarrafe a gaba don ba wanda ya ce su tashi.

A can ƙarshen tudu dorinar na kwance jibge a kan juna suna minshari, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Gunvor ta sauko da akwatin magani, ta dubi kan, ta ƙirga da yatsa.

"Tara. Wai me ya hana ka ɗaga jakar sama da kanka? Ita za su sara."

Oddvar ya dubi jakar da ke hannunsa. "Ban taɓa buƙatar koyon wannan ba."

Matan suka zaunar da shi a kan dutse, suka zuba masa kofi, wata ta miƙo burodi da jan cuku. Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya faɗa musu komai, yadda yake zaɓen dogaye a bakin jirgi, da cewa babu wata gaisuwa, tsoro ne ya kai shi ƙasa. Astrid ta dubi gwiwoyin wandonta da suka huje, ta ce da ta sani da ta bar shi ya yi rarrafensa shi kaɗai, ƙaton banza.

Borghild ta gama goge masa jinin ta manna filasta ta tara. Sannan ta ce, "Marigayi mijina ma haka ya sha fama. Reshen itace, bakin ƙofa, ƙanƙarar da ke zubowa daga rufi, duk shi suke fara samu, ni ina gefensa lafiya lau. Ku dogaye haka Allah ya yi ku."

Oddvar ya buɗe baki zai gyara mata, ya fasa. Shekararsa hamsin da biyu, ba a taɓa sa shi a wannan sahu ba, kuma ga mamakinsa sai ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Suka kalli dorinar har kofi ya ƙare. Borghild ta waiwaya ta dubi tudun tsakuwar, inda ternar suka koma suka kwanta a kan ƙwansu.

"Ta nan za mu koma, ko?"

"Ta nan ne, Iya. Babu wata hanya."

"To tashi mu je, kada jirgi ya gaji da jira."

Gunvor ta miƙo masa sanda. Ya karɓa ya ba Astrid, don su shida su samu abin ɗagawa. Shi kuma ya gyara tsayuwa, ya miƙa wa tsohuwar hannu.