Adireshin da Dogo ya bari

Ranar da za a sabunta tsohuwar manhajar ofis, 'yar tsohon da ya rubuta ta, wadda ta gaji kujerarsa, ta kawo kwamfuta har falo, ta ture kofin shayinsa gefe.

"Baba, ga wani ɗan aiki a cikin manhajarku. Na duba kaf, babu layin da ke kiran sunansa. Goge shi zan yi."

Tsohon ya gyara tabarau. Layi shida ne kacal, amma yana gani ya gane hannun Dogo, abokin aikinsa da ya rasu shekara tara ke nan. Dogo kaɗai ke barin fili biyu bayan kowane waƙafi. Sun taɓa kwana uku suna gaba a kan haka.

"Kin cika gaggawa," in ji shi. "Kira iri biyu ne. In kin ambaci suna, kwamfaila, mai juya rubutunmu zuwa harshen inji, ta riga ta san inda za a je. Wannan kuwa adireshinsa kawai aka ajiye a jeri, sai lokacinsa ya yi a ɗauko."

"Wane lokaci?"

"Shiga manhajar da tsohon sunana, ki mayar da agogon kwamfutar ƙarfe huɗu."

Ta yi yadda ya ce. Rubutu ya fito a ƙasan allo: "Gajere, bar aikin nan haka, shayinka ya huce."

Ta kwashe da dariya. "Baba, wane ne Gajere?"

Tsohon ya sake karanta rubutun. Ya jawo kofin a hankali, ya kurɓa. Ya huce kuwa.