Kwanon Iya Nana

A layinmu na Samaru, ranar biki ba a tambayar mutum inda yake ibada, kwano ake miƙa masa. In Sallah ce, tuwo da nama su shiga gidajen Kirista. In Kirsimeti ne, shinkafa ta fito daga nasu gidajen ta zaga layi. Kuma duk layin babu shinkafar da ake jira kamar ta Malama Winifred, malamar firamare, matar Sebastian mai aiki a ofishin coci. Tun tana amarya take wannan rabo, ba ta taɓa tsallake ƙofa ɗaya ba. Wasu matan da zani suke taƙama, wasu da sarƙa, ita kuwa da cikar kwanonta.

Sai ga shekarar 2008. Wanda bai riƙe kuɗin cefane a shekarar nan ba, don Allah kada ya zo yana ba mu labarin tsada. Abin da ka saya da safe, in ka koma da yamma mai awo zai dube ka ba kunya ya ce, "Ai wancan farashin ɗazu ne." Albashi kuwa yana nan inda aka bar shi, kamar an buga masa ƙusa.

Winifred ta fara tsimi tun ana karyar masara. Madara ta fita daga shayin gidan, burodi ya koma na ranar Lahadi. Ta daina hawa acaɓa, da ƙafa take zuwa makaranta ta dawo. Sabulu sai an yanka shi biyu, nama ya bar wa busasshen kifi wuri, daga baya kifin ma ya zama sai ƙamshinsa. 'Yarta Diana ta yi ƙorafi har ta gaji. Duk abin da aka tsuke, na shinkafar Kirsimeti ne.

Babbar Sallah ta zo a farkon Disamba. Nama ya shigo gidan Winifred, amma kowane ƙunshi ya rame, sai na gidan Alhaji Umar Farouk, ɗan kwangila, da ya aiko da cinya guda. Daga gidan Iya Nana kuwa ba a ga komai ba. Iya Nana tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki, tana sayar da daddawa da kuka a ƙofar gida. Ba ta taɓa yanka rago ba, amma kowace Sallah tuwonta da miyar taushe sai ya zo. Bana shiru. Winifred ta lura, ta haɗiye, ba ta ce wa kowa ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Sebastian ya shigo gida da murna. Shi mutum ne da ya yarda da rediyo fiye da idonsa.

"Maman Diana, kin ji? An kafa kwamiti, an yanke farashin mudu a Sabon Gari. Duk wanda ya ƙara ko kwabo za a rufe rumfan shi. Na faɗa miki manya ba su barci."

"Ni a wurin Ɗanmalam na saba awo," in ji ta. "Mudun shi na san shi."

"Ɗanmalam zai yanke ki. Ki shiga bas ki tafi Sabon Gari, har canji za ki dawo da shi."

Ta ɗauki nata mudun za ta saka a jaka, ya ce ta ajiye, mudun can kwamiti ne ya shafa musu fenti, zuwa da naka raini ne ga hukuma. Ta ajiye.

A kasuwar Sabon Gari ta tarar da layi har bakin titi, kowa ya ji rediyo. Ana turereniya, ana taka ƙafa, mai awon yana ta ihu a matsa. Da aka zo kanta, hannunsa ya fi idonta sauri: ya ɗiba, ya shafe saman, ya juye, ya ɗiba, ya shafe, ya juye. Ba tozo, ba gyara. Ta ce, "Malam, ko ɗan gyara?" Ya ce, "Madam, farashin kwamiti ba ya da gyara. Na baya!" Ta ɗaga buhun, ta ji bai yi mata nauyin da ta zata ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai na baya sun riga sun ture ta waje.

A gida ta sake awo da mudunta, ta zauna a ƙasa. Kwamiti ya yanke farashin mudu, gaskiya ne, amma bai ce komai a kan cikin mudu ba. Masu awo suka ɗauki guduma suka doke gindinsa ya shige ciki, fenti yana nan ras a waje. Da ta tsince tsakuwa da ɓuntu, abin ya ƙara raguwa. Wahalar watanni, tafiyar ƙafa, shayi ba madara, duk wani ya kwashe rabonsa da guduma. Ta yi kuka na takaici, Sebastian kuwa ya ce lalle kwamitin bai sani ba.

Da ta share hawaye, ya ce, "To ki rage hannu mana. Kowa a ba shi kaɗan."

"Ni Winifred in aika kwano rabi? Gara kada in aika. Kwanon da bai cika ba zagi ne."

"To sai a cire gida ɗaya. Gidan Iya Nana fa? Ai bana ba su kawo komai ma mu ba."

Winifred ta dubi buhun. Abin da ta haɗiye ranar Sallah ya taso mata, ya zo daidai da buƙata. Ta ce, "Haka ne kuma. Ita ta fara."

Nan ne abin yake ba ni haushi har yau. Mace mai hankali, mai koyar da lissafi, ba ta tsaya ta tambayi kanta me ya hana tsohuwar aikowa ba. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. Amma tsada haka take, ba aljihu kawai take ci ba, sai ta sa ka fara auna maƙwabcinka.

Ranar Kirsimeti, da aka taso daga coci, kwanuka suka fita, kowanne cike har murfi ba ya rufuwa. Babbar kular abinci ta tafi gidan Alhaji Umar Farouk, inda buhunan shinkafa suke jere a sito, saboda cinya sai da babbar kula. Mutanen gida suka ci abin da ya rage, Diana ta kankare ƙanzo. Winifred ta zauna a tsakar gida tana fifita, ranta fari, ta fita kunya.

Bayan la'asar aka yi sallama. Iya Nana ce, da mayafinta na fita unguwa, tana tafe a hankali saboda gwiwa.

"Barka da biki, Malama. Allah ya maimaita mana."

"Amin, Iya. Sannu da zuwa. Ga kujera."

"A'a, ba zama zan yi ba. Na ji shiru ne, na ce bari in leƙo, ko jikin ne ba daɗi. Tunda lafiya kike, alhamdu lillahi."

Winifred ta ajiye mafici a ƙasa.

"Kuma ki yafe mini na Sallah," in ji tsohuwar. "Wallahi rannan koko muka wuni sha. Kunya ce ta hana ni zuwa in faɗa miki."

"Haba Iya, ba komai..."

"Bari in koma. Tun safe na hana a ɗora tukunya, na ce ma yaran yau ranar shinkafan Malama ne, kada a ɓata itace. Suna can zaune a zaure. Bari in je in ga abin da zan dama musu kafin magariba."

Ba gori a muryarta, ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ta juya ta nufi ƙofa.

"Iya, tsaya! Don Allah tsaya!"

Winifred ta ruga kicin, zani na harɗe mata ƙafa, ta fizge murfin tukunyar. Diana ta riga ta zuba mata ruwa da omo.