Hannun da Ya Wanke Umma

Umma ta rasu ranar Talata da hantsi a gidanmu na Gafasa, kuma kafin ruwan wanka ya yi ɗumi an riga an yanke cewa ban da ni a masu shiga. Ni Sadiyya, 'yarta ta fari!

Shekara shida ke nan da ciwon ya fito mini. Fatar gwiwar hannuna da bayan tafina ta yi kauri, ta yi farin ɓawo yana zuba kamar dusa. Mutanen gari suka ce kuturta ce. Likitan fata a Kano ya ce sunan cutar soriyasis: garkuwar jikina ce ta rikice tana faɗa da fatata, sabuwa na tsirowa tun tsohuwa ba ta zube ba. Ya ce ba a ɗauka ko da kwano ɗaya ake ci, amma tana bin jini. Har hotuna ya nuna mini, akwai mai ɓawo irin tawa, akwai ta fatar kai, akwai mai ɓuya a hammata, sumul babu ɓawo. Na dawo na yi ta bayani har bakina ya gaji. Inna Gaji, ƙanwar Umma, ta ce danginmu kaf babu mai wannan abin, can gidan mijina a Gaya na kwaso. Umma dai ba ta taɓa sa baki ba, sai ta sunkuyar da kai.

Inna Gajin ce ta tare ƙofar ɗakin da gawar take.

"Ke Sadiyya, koma ki zauna. Wa zai sa hannu a ruwa ɗaya da ke?"

"To kowa ya zauna, Inna. Ni zan wanke uwata."

"Haka ake yi? Gawa mai tsarki, ki goga mata wannan?"

"Umma da bakinta ta ce daga ni sai ke za mu wanke ta. A gaban Baba Datti ta faɗa, ga shi can a zaure. In aika a kira shi?"

Raina a ɓace yake. Inna ta ja dogon tsaki ta kauce, na shige da butata, ta biyo ni ta saki labule.

Muka lulluɓe Umma da zane. Na zuba ganyen magarya a ruwan, na yi mata alwala, Inna na zuba ruwa daga nesa kamar mai ba shuka. Da na zo gefen dama na ce Inna ta ɗaga mata hannu.

Ta ɗaga, sai butar ta suɓuce mata.

A hammatar Umma ga ciwon nan shimfiɗe, baƙi-baƙi da ja, sumul. Na warware kitsonta, ƙeyarta duk farin ɓawo. Umman da ko a zafin bazara ba ta cire ɗankwali, wadda ba ta taɓa yarda wani ya yi mata kitso ba sai ita da madubinta. Shekara shida tana ji ana ce mini kuturwa! Na ji haushinta, wallahi na ji, sai kuma tausayinta ya kama ni har na kasa ganin gabana.

Inna Gaji ta durƙushe. "Sadiyya, don Allah kar ki faɗa."

"Na san hukuncin wanka, Inna. Abin da mai wanka ta gani, a ɗaki take barinsa. Miƙo kafur."

Na wanke wurin a hankali da tafina, sau uku, kamar yadda na so a ce wani ya taɓa nawa. Muka sa mata likkafani, maza suka shigo da makara.

Da aka fita da ita na zauna a tabarmar gaisuwa, a tsakiya, na naɗe hannun riga har gwiwa. Mata suka fara shigowa suna gaisawa da kowa, in sun zo kaina sai su dafa ƙirji. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni a Gafasa, kuma ba zan faɗe ta ba har in mutu.

Da matar liman ta zo na miƙa mata hannu. Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli Inna Gaji, Inna ta kasa ɗago ido.

"Ki gaishe ni, Hajiya," na ce. "Da shi na wanke ta."

Ban janye ba.